Tsiron da Ya Ɓuya a Hanjina

A gidanmu, duk ciwon da ya sauka ƙasa da cibiya sunansa basir. Haka na taso na tarar. Iyayenmu daga Borno suka zo suka zauna a Azare tun ba a haife ni ba, kuma sana'ar Iya, mahaifiyarmu, haɗa turaren wuta da humra ce. Ita na gada, da ita nake ci har yau. Lokacin da Iya ta fara ganin jini a bayan gida ba wanda ya ɗaga kai. Aka sayo mata jiƙe-jiƙe wajen masu zagaya kasuwa da lasifika, aka dafa mata sassaƙe, aka hana ta barkono. Tana zaune a gaban kaskon turarenta ta yi ta ramewa, har zanenta ya koma yana zagaye ta ya yi saura. Da ta rasu mutane suka ce basir ne ya ci ƙarfinta, mu ma muka ce haka. Ina goyon fari a lokacin, ban ma san akwai tambayar da ake yi ba.

Sai da na aurar da waccan 'yar da nake goyo sannan abin ya dawo mana. Wannan karon Adda ya kama, babbar yayata mace, wadda ta riƙe mu bayan Iya. Ita ma ta sha maganin basir har ta gaji, kuma ta ɓoye wa kowa yawan abin da take gani. Ranar da cikinta ya toshe, ba gaba ba baya, aka kwashe ta sai asibiti. Aka yi mata aiki. Ni na zauna jinyarta.

Wata safiya likitan da ya yi aikin ya same ni a baranda ina wanke kwanukan abinci. Ya ce, "Hajiya, ke mece ce ɗinta?"

Na ce, "Ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo a gidanku?"

Na ce babu, sai dai mahaifiyarmu, amma ita basir ne. Ya sa na kwatanta masa yadda nata ya kasance. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Abin da ke damun yayarki ciwon dajin hanji ne, kuma ya riga ya bazu. Ba zan rantse a kan na mahaifiyarku ba tunda ban gan ta ba, amma abin da kika faɗa ya yi kama da shi. Wannan ciwo ba rana ɗaya yake zuwa ba. Yakan fara ne da ɗan tsiro a jikin bangon hanji, wani bai kai ƙwayar wake ba. Ba ya zafi, ba ya hana mutum cin tuwonsa. Sai ya yi shekaru a zaune kafin ya rikiɗe. In an leƙa an gan shi tun yana tsiro, nan take ake cire shi, ba sai an yanka ciki ba. Ku da kuke ciki ɗaya da ita, ya kamata a duba ku."

Na ce, "Ta ina ake leƙawa?"

Ya ce, "Ta dubura. Siririyar roba ce mai fitila da kyamara a bakinta." Bai rage murya ba, bai kuma kawar da kai ba, kamar yana gaya mini hanyar tasha.

Na koma ɗaki na zauna kusa da gadon Adda. Abin da ya fara zuwa mini ba kuka ba ne, haushi ne. Ashe abin nan yana da lokacin da ake kama shi da hannu ɗaya, mu kuma muna can muna tafasa sassaƙe. Adda ba ta ga ƙarshen damina ba. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka, kuma da muka ɗaga ta ban ji nauyin komai ba. Matar da take sauke buhun gero ita kaɗai.

Bayan an share makoki na sami Malam, maigidana. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, mutum ne da ba ya son hayaniya. Na gaya masa abin da likita ya ce, na ce ina so in je a duba ni.

Ya ce, "Lafiyarki ƙalau fa."

Na ce, "Adda ma lafiyarta ƙalau lokacin da abin yake ƙarami."

Ya daɗe yana jujjuya hularsa a gwiwa. Sai ya ce, "Ba zan hana ki ba. Amma ki je ki gaya wa yayanki da bakinki, kada ya ji a bakin mutane."

Yaya shi ne babban namiji a gidanmu, dillalin hatsi ne, kuma tun rasuwar mahaifinmu ba a yanke magana sai da shi. Na same shi a zaurensa da la'asar sakaliya. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

Ya ce, "Ke yanzu da girmanki, da surukanki, ki je ki kwanta a gaban wani ƙato ya zura miki roba? Ba ciwo ba komai? Wannan ai tonon cuta ne. Mutum yana zaune lafiya ya je ya ce sai an nemo masa abin da zai hana shi barci."

Na ce, "Yaya, ranar da aka tuɓe Adda a ɗakin tiyata, maza nawa ne a kanta? Ban ji ka yi maganar kunya ba. Kai ma ka ce a yi."

"Wannan lalura ce."

"Tawa ma lalura ce. Ba na so ne ta kai irin tata."

Ya ce rai da ajali a hannun Allah suke. Na ce haka ne, kuma shi ma bai taɓa zuba hatsi a rumbu ya bar shi ba magani don ya san arziki na Allah ne ba. Ban taɓa mayar masa da magana irin haka ba tunda nake. Na ce, "Ba izini na zo nema ba, Yaya. Izinina yana hannun mijina, kuma ya ba ni. Na zo ne in gaya maka kai ma ka je, don cikin da ya haifi Adda shi ya haife ka."

Ya tashi ya zura takalmansa ya ce zai tafi masallaci. Ko alamar kiran salla ba a yi ba.

A wani asibiti a nan cikin gari ake yin aikin, wasu ranaku a mako. Da aka sa mini rana, wata nas ta miƙo mini ƙullin magani, layi ya yi tsawo a bayana, ta ce, "Mama, kafin ranar ki riƙa cin abinci marar nauyi. Ana gobe da yamma ki jiƙa wannan ki shanye. Zai sa ki zawo, kada ki ji tsoro." Na ce to.

A wajenmu abinci mai nauyi shi ne tuwo da nama da ɗanwake. Na bar su. Na yi kwaɗon zogale mai kyau na ci, na dama fura da nono, na sha kankana har da 'ya'yanta. Ina jin kaina kamar ɗalibar da ta yi aikin gida. Maganin kuwa ba daɗi, kamar ruwan kanwa da aka zuba wa gishiri, amma na toshe hanci na shanye, na yi ta zarya tsakanin ɗaki da bayi har ƙafafuna suka yi sanyi.

Kunyar da aka yi ta tsorata ni da ita ban same ta a ɗakin ba. Aka ba ni wani wando mai tsaga a baya, aka kwantar da ni a gefen hagu, aka lulluɓe ni da zane. Nas mace tana tsaye a kaina. Likitan, wani mutum mai furfura a gemu, idonsa yana kan allon talabijin ɗinsa, ba a kaina ba. Aka yi mini allura, na shiga wani hali tsakanin barci da farke, ban san sanda aka gama ba.

Da na wartsake ya kira mu ni da Malam. Ya ce, "Hajiya, na shiga har ƙarshen babban hanji, ban ga wani babban abu ba. Amma ba zan ce miki lafiya lau ba, domin hanjin bai wanku ba. Wurare da yawa ganye da dusar gero sun manne a bango. Na wanke abin da zan iya, sauran ya ƙi. Ƙaramin tsiro zai iya kwanciya a ƙarƙashi in wuce shi ban sani ba. Me kika ci?"

Na lissafa masa. Ya dafa goshi ya yi ɗan murmushi, ba na raini ba. Ya ce, "Da an ambata miki abincin da sunansa da ba haka ba. Wannan gyaranmu ne. Shawarata ki huta, nan da 'yan watanni ki dawo a sake."

Kafin mu isa gida maganar ta canza kaya. A cikin Keke Napep Malam ya kira 'yarmu a waya ya ce, "Alhamdu lillahi, ba a ga komai ba." Bai yi ƙarya ba, rabin maganar ya ɗauka. Rabin nan kuwa ya fi ɗayan saurin tafiya. Washegari mata suka yi ta shigowa barka. Matar Yaya ta zo da kwanon dambu ta ce, "Alhaji ya ce a gaishe ki, ya ce yanzu dai hankali ya kwanta ko?"

Na ce, "Ki ce masa ina amsawa. Ki kuma ce masa zan koma."

Wata maƙwabciyata ta ce, "Ki koma ina? Ba an ce babu ba?"

Na ce, "Ba a ce babu ba. An ce ba a gani ba, saboda ba a ga ko'ina ba."

Suka dubi juna. Na ga abin da ke fuskarsu, suna ganin rasuwar Adda ta taɓa mini kai.

Wanda ban zata ba shi ne Malam. Wannan karon shi ya tsaya a hanya. Ya ga yadda maganin ya galabaitar da ni, ya ga an fito da ni ina layi, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce, "Kin yi abin da za ki iya. Kin sha wahala, an duba, ba a ga abin tsoro ba. Ki bar wa Allah sauran."

Na ce, "Malam, kana wurin. Da kunnenka ka ji ya ce zai iya wuce shi bai sani ba."

"Likitoci haka suke magana, ba sa taɓa cewa an gama."

"To ni ma ban ce an gama ba. Na sha ruwan kanwar nan, na kwanta an lulluɓe ni, gari ya gama yi da ni. Duk wannan in tashi da rabin amsa? In na bari a haka, wahalar da na sha ta zama ta banza."

Muka yi kwanaki maganarmu ba ta wuce gaisuwa da ga abinci ba. Ban yi masa rashin kunya ba, ban kuma janye ba. Wata safiya yana shirin tafiya gonarsa ta hanyar Zadawa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "In za ki koma ki gaya mini ranar, kada ki tafi ke kaɗai."

A gari kuwa labari ya yi rassa. Wata Hajiya daga Shira da ta daɗe tana sayen turaren amare a wajena ta aiko cewa a dakata da nata. Daga baya na ji ta ce ciwon gidanmu ya kama ni, ba ta son kayan da hannuna ya taɓa su shiga ɗakin 'yarta. Abin ya yi mini zafi, don tare muka aurar da sauran 'ya'yanta mata duka. Ban aika mata da bayani ba, ita ma ba ta sake dawowa ba.

A wani gidan suna kuma, ana tsakiyar cin shinkafa, wata mata da ba ma shiri sosai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Hajiya, wai da gaske ta baya ake yin abin nan naku?"

So take in sunkuyar da kai. Na ajiye cokali na ce, "Ta dubura ake yi. Irin wadda kowa a ɗakin nan yake zaune a kanta." Na gaya musu tsawon robar, na gaya musu wandon, na gaya musu zawon. Na ce uwata da yayata sun mutu da kunyarsu cikakkiya, ba wanda ya leƙa su sai da lokaci ya ƙure, ni kuwa na zaɓi a leƙa ni. Wasu suka rufe baki da mayafi. Wata tsohuwa a lungu ta yi dariya har tana tari. Na ɗauki cokalina na ci gaba da cin shinkafata.

Komawar ba ta zo da sauƙi ba. Na je aka ce na'urar tana wajen gyara. Na sake zuwa aka ce likitan ya yi tafiya. Duk dawowar da na yi, sai saƙo ya zo daga gidan Yaya cewa Allah ne yake nuna mini in haƙura. Na ce a gaya masa na gane, Allah yana nuna mini in yi haƙuri in sake komawa. Har masu gadin ƙofar asibitin suka san ni, suna cewa Hajiya mai turare ta iso, don duk inda na zauna sai an ji ƙamshi.

Da aka sa mini rana ta biyu, nas ɗin nan ta jawo kujera ta zaunar da ni. Ta ce ba ni kaɗai ce zogale ya ɓata wa aiki ba, yanzu sun koma kiran kowane abinci da sunansa. Ta ce in bar duk wani ganye, zogale da rama da kuka, in bar kuɓewa da wake da gyaɗa da fura, da duk abin da ke da 'ya'ya ko dusa. In ci farar shinkafa da ƙwai da farin burodi. Ana gobe kuma ba abin taunawa sam, sai ruwa da tataccen romo da shayi ba madara. Ta ce ko zoɓo kada in sha, jansa yana kama da jini a cikin hanji. Maganin ma ta ce in raba shi biyu, rabi da yamma, rabi da asuba ranar aikin, don hanjin ya isa gaban likita da sabon wanki. Ta ce, "Mama, sai kin ga abin da ke fita ya zama ruwa garau, kina hango ƙasan bokiti, sannan kin shirya."

Na bi maganarta kamar karatun allo. Yunwa ta sa har ƙamshin miyar maƙwabta ya zama mini abokin gaba. Malam ya ce shi ma a dafa masa farar shinkafar, ya zauna ya ci ta gaya ba miya.

Ranar aikin na roƙi likita ya rage mini allurar barci. Na ce ina so in gani da idona. Ya ce zan ji murɗar ciki. Na ce na haihu ba sau ɗaya ba. Aka juya allon yadda zan hanga.

Na sha wanke kayan cikin rago da Babbar Salla, amma ban taɓa zaton nawa yana da kyau haka ba. Wani rami ne mai haske, ja-ja fari-fari, yana ƙyalli, da 'yan jijiyoyi sirara kamar zaren ɗinki, ga ninki bayan ninki. Likitan ya ce, "Yau kam kin share mana ɗaki, Hajiya." Ya yi ta turawa, nas tana danna mini ciki da tafin hannu, har ya ce mun kai ƙarshe. Na ɗauka an gama. Ya ce, "Yanzu za a fara. Shiga ba ita ce aikin ba, a fitowa ake dubawa."

Ya fara janyowa a hankali, a hankalin da har ya ba ni haushi da farko. Ya ja kaɗan ya tsaya. Ya fesa ruwa ya tsotse. Ya hura iska bangon ya buɗe. Ya lanƙwasa bakin robar ya leƙa bayan kowane ninki, kamar mace tana neman ɗan kunnenta a cikin tarin zannuwa. Ya ce wa nas ita ma ta sa ido, ido huɗu ya fi biyu. Wani wurin ya sa aka juya ni rigingine don ruwan da ya kwanta ya gangara. Da ya gama ɓangaren dama, sai na ga ya sake turawa ciki. Na ce lafiya? Ya ce wannan ɓangaren yakan duba shi sau biyu, don a nan abubuwa suka fi ɓuya.

A dubawa ta biyun ya tsaya cak. Ya ce, "Kin ga nan?"

Ban ga komai ba, bango ne kamar sauran. Ya fesa ruwa, wata 'yar majina rawaya ta wanke. Ya danna wani abu hasken ya canza launi. Sai ga shi ya fito, wani ɗan fili shimfiɗaɗɗe a bayan ninki, kamar faɗin farcen babban yatsa, gefensa ya ɗan bambanta da inda yake kwance.

Ya ce, "Wannan irin ba ya tsayawa a tsaye, kwanciya yake, launinsa kusan ɗaya da bango. Wancan karon duk nan a rufe yake."

Ya zura wata 'yar allura ta cikin robar ya ɗura ruwa a ƙarƙashinsa, abin ya taso kamar ƙullin alkaki. Ya sa masa zoben waya siriri ya shaƙe, ya yanke. Ban ji komai ba, ko cizon sauro. Hawaye ne kawai suka gangaro mini ta gefe suna shiga kunne. Nas ta sunkuyo ta ce, "Mama, zafi?" Na girgiza kai. Adda nake tunani. Wata rana nata ma haka yake, ana iya ɗauke shi tana kallo.

Cikina ya cika da iska yana murɗawa, likitan ya ce in daure saura kaɗan. Na ce, "Likita, kada ka yi sauri saboda ni. Ka duba ko'ina. Ba na so in sake jin an ce ba a gani ba." Ya ce ba zai yi ba. Can ƙasa ya sake samun wani, ƙarami mai ɗan wuya kamar ƙwayar dawa, shi ma ya cire. Ya ci gaba da tafiyarsa ta hawainiya har ya fito.

Aka aika abin da aka ciro ɗakin gwaji. Makonnin jira sun fi ranar aikin wuya. Na yi ta haɗa turare ina mantawa ko na zuba sukari a kasko. Da sakamako ya fito likita ya ce ƙaramin ba abin damuwa ba ne. Shimfiɗaɗɗen kuwa irin wanda yake rikiɗewa ne in an bar shi, amma bai kai ga zama daji ba, kuma an cire shi duka. Ya ce in dawo bayan wasu shekaru a sake dubawa, 'ya'yana ma in shekarunsu sun kai a duba su da wuri.

Ya tura mini hoton tsiron a waya. A gida Malam ya sa tabarau ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "Gara da ba ki ji maganata ba." Tunda muka yi aure ban taɓa jin ya faɗi haka ba, sai na tashi na dafa masa tuwo da miyar kuka.

Ƙanwarmu da ke aure a Itas ita ta fara biyo baya. Ta zo ta sauka a gidana, ni na dafa mata farar shinkafarta, ni na tsaya a kanta har ta shanye maganin tana zagina a hankali. Nata hanjin aka duba lungu-lungu ba a sami komai ba, kuma wannan karon likita ya faɗa da cikakken baki. Mata biyu daga cikin waɗanda suka rufe baki a gidan sunan nan sun zo mini daga baya, kowacce ita kaɗai, wai sayen humra, sai an ɗaure kaya sannan a yi ƙasa da murya a tambaye ni yadda ake yi.

Na kai wa Yaya hoton har zaurensa. Ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da fuska, ya ce, "Wannan ɗan abin?"

Na ce, "Shi ne."

"Wa ya sani, ƙila ko an bar shi ba abin da zai yi."

Na ce, "Gaskiya ne, ba wanda ya sani. Ni dai ban bar shi don in gani ba."

Ya miƙo mini wayata ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya shiga zancen farashin gero.

Har yau bai je ba. Ya girme ni, ya wuce shekarun da Adda ta rasu a cikinsu, yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, kuma ina roƙon Allah ya sa babu komai a cikinsa. Amma ban sani ba, shi ma bai sani ba. Duk Juma'a bayan an sauko nakan je gaishe shi, kuma duk zuwa sai na faɗa. Matarsa ta roƙe ni in bari, ta ce ina ɓata masa rai. Na ce mata ɓacin ransa zan iya da shi.

Juma'ar da ta wuce na same shi yana jin labarai a rediyo. Na gaishe shi, na tambayi kasuwa, sannan na ce, "Yaya, maganar asibitin nan."

Ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyon. Na ja tabarmata na matso kusa da kujerarsa, na sake faɗa da ƙarfi yadda zai ji.